Kyanwa, Ƙurar Ɗaki da Murar Yara a Ƙasar Noman Rani



Maganata a yau ta shafi wata irin mura wadda ba mura ba ce. Murar da muka saba da ita ƙwayar cuta ke kawo ta, takan wuce cikin mako guda ko kwana 10. Amma akwai yaron da zai yi wata da watanni yana jera atishawa da asuba, hancinsa na ƙaiƙayi, yana zubar da ruwa garai-garai, idanunsa na hawaye, ba kuwa zazzaɓi. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira alaji, sunan da wani likitan yara na ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya raɗa a 1906. Ma'anarsa, jiki ya ɗauki abin da ba shi da illa a kan abokin gaba, ya yi ta yi masa bori.

To, me ya haɗa wannan da Kura da Bunkure? Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da kewayenta, noman shinkafa da alkama da tumatir ya bunƙasa. Inda hatsi ya taru ɓera zai taru, maigida kuwa ba shi da mai gadin da ya fi kyanwa. Ga kuma kyankyaso, wanda shi ma abinci da laima ke jawo shi.

Mutane da yawa na zaton gashin kyanwa ne ke jawo atishawa. A gaskiya wani sinadari ne da ke cikin yawunta da maiƙon fatarta. In ta lashe jikinta sai ya bushe, ya tashi cikin iska, ya manne a katifa da tufafi. Ko an raba ta da ɗakin, yakan yi watanni bai gushe ba.

Na biyu shi ne ƙwaron ƙura, wanda masana a Leiden ta ƙasar Holan suka tabbatar da laifinsa a 1964. Girmansa bai kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsa. Yana zaune cikin katifa da matashin kai, yana cin ɓurɓushin fatarmu, kashinsa kuma shi yaro ke shaƙa. Ba ya shan ruwa, daga iska yake tsotsar laima. Saboda haka damina da ɗaki mai danshi su ne abokansa, rana da bushewar hunturu kuwa maƙiyansa.

Kada mu raina wannan ciwo. Yaron da hancinsa ya toshe ba ya samun barci, gobe ya yi gyangyaɗi a aji. Sau da yawa kuma alajin hanci da ciwon asma tare suke tafiya. Uba ya yi ta kashe kuɗi wajen sayen kafso, alhali maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa alaji.

Abin yi ba mai tsada ba ne. Ba sai an kori kyanwa ba, a bar ta wajen rumbu, a hana ta ɗakin da yara ke kwana. A raba buhunan hatsi da wurin barci. A shanya katifa da tabarma a rana, a wanke zanen gado da ruwa mai zafi. A yayyafa ruwa kafin shara, yaron kuma ya fita tukuna. Idan abin ya ci tura, a kai shi ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ku ma'aikatan lafiya da malaman makaranta, in an kawo muku yaro mai murar da ba ta ƙarewa, ku tambaya: ina yake kwana, kuma da me yake kwana? Sau da yawa amsar tana nan.

Allah ya ƙara mana lafiya.