Tabon da ke ƙirjina ba alamar fushin Allah ba ne

An ce in yi magana a wannan wata na Oktoba, watan faɗakarwa kan kansar nono, tunda ni ma na bi ta wannan hanya. An cire mini nonon hagu, na sha ƙarin ruwan nan da muke ce ma shimiyo, gashi ya zube, ya sake tsirowa. Ga ni gabanku da raina. Godiya ga Ubangiji.

Abin da nake so in faɗa shi ne abin da ya biyo bayan warkewa, don shi ne ba a cika magana a kai ba. Ranar da lokotoro ya ce sakamako ya yi kyau, gida aka yi ta murna. Ni kuwa sai wani ciwo ya taso mini a zuci, wato shakkar kaina. In na ɗaura zane sai in ga kamar duk idon duniya na kan ƙirjina. Ina tambayar kaina, har yanzu ni mace ce cikakkiya? Maigidana ƙauna yake yi ko tausayi? In aka ce in ja addu'a a majami'a, sai in ce a ba wata. Kowane ɗan ciwon baya, sai gabana ya faɗi, in ce ta dawo.

Maganganun mutane kuma sun ƙara. Akwai wadda ta ce da bangaskiyata ta kai, da ba a sa mini wuƙa ba. Akwai wadda ta ce in binciki kaina, ƙila akwai zunubin da ban tuba ba. Irin wannan magana ta fi shimiyo ɗaci, kuma tana kashe mata, don ita ke sa mace ta ɓoye ƙulli tana azumi har lokaci ya ƙure.

Abin da ya ɗaga ni yana cikin Bisharar Yohanna, sura 20. Yesu ya tashi daga matattu, amma gurbin ƙusa na nan a hannuwansa, gurbin mashi na nan a kuiɓinsa. Da Toma ya yi shakka, Yesu bai kore shi ba. Tabon ya nuna masa, da tabon ne kuma Toma ya gane shi. To ƴan'uwa, in Ubangijina ya ci nasara kan mutuwa bai ɓoye tabonsa ba, ni wace ce da zan ji kunyar nawa? In kuma bai kori mai shakka ba, ni ma ba zai kore ni ba.

Ba dare ɗaya shakkar ta tafi ba. Na fara da ƙananan abubuwa. Na buɗe baki na faɗa ma maigidana tsorona, ashe shi ma tsoron rasa ni ne ya sa shi shiru. Na koma cikin mawaƙa. Ranar dubawa in ta zo, ina tafiya da wata ƴar'uwa, mu yi addu'a a ƙofa, mu shiga.

Mu ji da kyau: zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Asibitin Galmi da ke jihar Tawa, masu bi ne suka kafa shi tun 1950. Tun 2021 kuma akwai injin gashin kansa a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa a Yamai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka samu da wannan cuta. Duk masu zunubi ne fiye da saura? A'a.

Saboda haka kowace ta riƙa shafa nononta da hammatarta sau ɗaya a wata, bayan al'ada ta ɗauke. In kin ji ƙulli, ko ba ya zafi, ko fata ta koma kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fidda jini, ki tafi asibiti a wannan mako. Yawancin ƙulli ba kansa ba ne, amma awo ne kaɗai zai faɗa.

Ku maza da ke bayan can, matarku na bukatar ji daga bakinku cewa tana nan da darajarta. Ku fastoci, in kun gama addu'a, ku tambaye ta ko ta je awo, ku taya ta neman kuɗin mota.

Ke kuma ƴar'uwa da kika warke kina ɓuya a ɗaki, wurinki na nan a cikinmu, muna jiran ki ran Lahadi. Ubangiji ya ba mu lafiya. Amin.