Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Kimiyyar Tsirrai da na Koyar da Kasuwanci

 



An tara min sassa biyu a zaure ɗaya: masu digirin kimiyyar tsirrai, da waɗanda aka horar domin su koyar da ilimin kasuwanci. Wani zai ce ƙarancin wuri ne ya haɗa ku. Ni a wurina wake ne ya haɗa ku, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman wake a duniya, Nijar ce ke bi mata. Duk da haka, a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Nijeriya, saboda an yi ta samun sinadarin nan da ake haɗa fiya-fiya da shi a jikinsa, fiye da abin da dokarsu ta yarda. A sito aka fi yin wannan ɓarna. Ɗan kasuwa ya sayi wake da kaka yana jiran ya yi tsada da bazara, ƙwaro ya fara huda masa, yana kallo uwar kuɗinsa na zama gari, sai ya yayyafa abin da hannunsa ya kai gare shi. Waken da Turawa suka ƙi kuwa, irinsa muke ci a alala da ƙosai.

Abin takaicin, a lokacin maganin matsalar yana nan. Buhun nan mai ciki uku, leda biyu masu kauri a cikin buhu ɗaya, ya samo asali ne daga binciken masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Marwa a Kamaru, kuma tun 2007 aka fara yaɗa shi. In an ɗaure shi da kyau, iska ta ƙare wa ƙwaro, sai ya mutu ba tare da ko ɗigon magani ba. Masani ya gama nasa. Abin da ya rage shi ne a zauna da mai sito a buga masa lissafi: buhun ya fi tsada ranar saye, amma in an kula da shi yana yin fiye da kaka ɗaya, kuma waken da ya fito babu huda, babu wari, ya fi daraja a tiya. Wannan lissafi darasin aji ne. 'Ya'yan masu sito a Dawanau suna zaune a ajujuwan sakandaren da rabinku za su shiga da alli a hannu.

Ku masu kimiyyar tsirrai, gadonku ba na jiya ba ne. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kafin cibiyar ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can aka fitar da waken SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, wanda ke kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da kwanso, har feshi biyu ya wadatar a gonar da a da ake yi wa shida ko takwas. Na san ana muhawara mai zafi a kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma ban zo raba gardamar ba. Amma ranar da manomi ya tare ku a bakin kasuwa ya ce, "Malam, in shuka ko kada in shuka?", ku ba shi amsa daga abin da kuka auna, ba daga abin da aka turo muku a waya ba.

Ku tuna cutar da ƙwarin darɓa suka yaɗa wa gyaɗa a 1975, wadda ta taimaka wajen kwantar da dalar gyaɗar Kano, da tsutsar da ta cinye tumatir a Kadawa da gonakin Kaduna a 2016. Wata na nan tafe, kuma wanda zai fara ganin ta manomi ne. Saboda haka ku iya sauraro. Likita Dalziel, da ya buga littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, daga bakin mutanen ƙasar nan ya tattaro su. Abin kunya ne a ce ɗanmu ya san sunan wuta-wuta da Latinanci, amma bai iya gane ta a gindin dawa ba.

Ku kuma malaman kasuwanci, na san abin da ke ran wasunku: a riƙe koyarwa na ɗan lokaci kafin aikin banki ya samu. Ba zan yi muku ƙarya a kan albashin malami ba. Sai dai muddin kuna cikin aji, ku yi aikin da gaske. Ku yi rajista da hukumar rajistar malamai, wadda aka kafa tun 1993. Kada ku cika allo da rubutu yara su kwafa su haddace. Ku sa yarinyar da mahaifiyarta ke sayar da ƙuli-ƙuli ta kawo lissafin mako guda, a fitar da kuɗin gyaɗa, na niƙa da na itace, a ga ko riba ake ci ko uwa. Yaron da ya koyi raba jari da kuɗin cefane, ya koyi rubuta bashi ranar da aka ci shi, ya riga ya tsere wa abin da ke karya ƙananan 'yan kasuwarmu da yawa.

Iyaye, kun sayar da hatsi da dabba kun biya kuɗin makaranta. Allah Ya saka muku, Ya sa ku ci moriyar wahalarku.

Mai girma Shugaban Jami'a, roƙo ɗaya nake da shi. A ba ɗaliban ajin ƙarshe na waɗannan sassa biyu damar yin aikin bincikensu tare, ɗaya daga nan ɗaya daga can, a kan amfanin gona guda, tun daga zaɓen iri har ranar da aka auna shi a kasuwa. Ina fata a duba wannan kafin zangon karatu mai zuwa.

Allah Ya sa albarka a takardun da za ku karɓa, Ya mai da kowa gida lafiya.