Jawabi Kan Magungunan Da Ke Hana Gaban Namiji Kwanciya

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyaye da 'yan'uwa mazauna Sabo, a gafarce mu, maganar yau tana da nauyin faɗa, to amma lalura ce.

Akwai ciwon da gaban namiji zai miƙe ya ƙi kwanciya, babu sha'awa, sai azabar zafi. Jini ne ya shiga ya kasa fita, ya daskare, naman wurin ya fara lalacewa. In an kai awa 4 a haka, magana ta zama ta asibiti. In an wuce awa 36, da wuya ƙarfin ya dawo.

Sau da yawa magani ke jawo shi. Akwai trazodone da ake ba masu damuwa da rashin barci, da chlorpromazine da risperidone na taɓin hankali, da prazosin na hawan jini, da allurar alprostadil ko papaverine da ake yi a jikin azzakari. Viagra, wadda ta fito a 1998, ba kasafai take jawowa ba in an bi ƙa'ida. Mu dai abin da ya fi damun mu kwalaben tashar nan ne, ba a san me aka zuba ciki ba, ango ya kwankwaɗa ya bi da ƙwaya biyu. Mai sikila kuwa, ko bai sha komai ba abin kan same shi.

Kunya ce ke cinye awoyin nan. Mutum yana ƙasar Yarbawa, yana tunanin da wane baki zai yi wa nas bayani, sai ya koma ga ruwan sanyi da jiƙo har gari ya waye. Addu'a a yi ta, amma a cikin mota, a hanyar UCH, tare da ɗan'uwa mai jin Yarbanci ko Turanci.

A can likitan mafitsara zai kashe zafin wurin da allura, ya zuƙe baƙin jinin da sirinji, ya wanke da ruwan gishiri, ya sa phenylephrine don jijiyoyin su tsuke, yana lura da bugun zuciya. In bai kwanta ba, sai a yi ƙaramar tiyata a buɗe wa jinin hanya.

A tafi da kwalin maganin ko kwalbar. Wanda ke shan maganin ƙwaƙwalwa kuma kada ya daina da kansa, likitansa ne zai sauya masa wani.

Wassalam.