Diplom a Hannu, Aiki Fa?

Jama'ar Briqueterie, iyayena da 'yan'uwana!

A 2011 gwamnatin Biya ta ce za ta ɗauki matasa 25,000 aiki. Dosiye fiye da 300,000 aka kai. Sauran fa? Da yawansu suna tuƙa moto, diplom na ƙasan akwati.

Ngawundere, Marwa da Garwa duk akwai jami'a, amma cin konkur sai mai uwa a gindin murhu.

Ga buƙatarmu: a kafe makin kowane konkur a fili. Ofishin samar da aiki, FNE, ya shiga jami'o'i, ya haɗa ɗalibi da kamfani tun kafin ya gama.

Ku kuka biya kuɗin karatun nan. Ranar zaɓe, gwamnati ce za ta zauna konkur, ku ne masu ba da maki. Allah ya ba mu sa'a!