Halin Uwar Alade da Rayuwar 'Ya'yanta: Jawabi ga Masu Kiwo



Da yawa daga cikinku sun sha kawo kuka cewa uwa ta haifi 'ya'ya goma, amma kafin yaye shida ko bakwai suka rage. Galibin wannan hasara tana aukuwa ne cikin kwana 3 na farko, kuma babban sanadinta shi ne uwa ta danne 'ya'yan. Jinjirin alade bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, uwarsa kuwa takan haura kilo 150. In ta zabura ta faɗi a kansa, shi ke nan.

To, me ke sa uwa zabura? Sau da dama tsoron mutum ne. Tun cikin shekarun 1980 wani masani na ƙasar Ostireliya, Paul Hemsworth, da abokan aikinsa suka nuna cewa gonakin da aladunsu ke gudun mutane sun fi sauran ƙarancin amfani. Dalili kuwa shi ne, tsoro yana tauye sinadarin da ke tafiyar da naƙuda da saukar nono. Naƙuda ta yi tsawo, sai a haifi wasu a mace. Uwa ta firgita ta miƙe ana cikin shayarwa, sai 'ya'ya su rasa rabonsu, domin nono yakan sauko ne kamar sau ɗaya a awa, na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan. Wanda bai sami dakashi a ranar farko ba, da wuya ya jure cuta. Ga shi kuma ɗan da yunwa ko sanyi ya kama yakan lafe a jikin uwa, inda haɗarin dannewa ya fi yawa.

Saboda haka muna ba ku shawara kamar haka. Cikin alade kwana 114 ne, watau wata uku da mako uku da kwana uku. Ku yi amfani da wannan lokaci ku saba da ita. Ku shiga wurinta a natse, ku yi mata magana, ku sosa mata baya. A bar duka da sanda, a bar tsawa. Ku kai ta ɗakin haihuwa saura kamar mako guda, ku zuba mata busasshiyar ciyawa ta yi shimfiɗa. Ku kafa ƙarfe ko itace a jikin bango, tazarar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, inda 'ya'ya za su kuɓuta in ta kwanta, sa'an nan ku tanada musu lungu mai ɗumi. A hana baƙi da yara kutsawa. Uwar da ta ci gaba da kashe 'ya'ya haihuwa bayan haihuwa, kada a riƙe ta ko 'ya'yanta mata don iri.

Kowane ɗa da ya tsira kuɗi ne ranar kasuwa, ko a Katsit ta wajen Kafanchan ko a wani wuri. Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamin dabbobi na yankinsa.