Koyar da Kimiyya a Makarantun Garinmu: Abin da Intanet Zai Iya Yi Mana da Abin da Ya Rage Gare Mu

(Jawabin Kwamitin Ilimi a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)



Mai girma Hakimi, uban ƙasa, Allah Ya ja zamaninka, mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, dagatai da masu unguwanni, limamai da malamanmu, shugabannin makarantu, iyayenmu mata, ɗalibai maza da mata, da sauran jama'a baki ɗaya. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nuna mana zagayowar wannan rana, muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ɗora wa wannan kwamiti nauyin yin bayani a kan yadda za mu ci moriyar kayan karatun da ke intanet wajen koyar da kimiyya a makarantunmu.

Dalilin Wannan Magana

Jama'a, duk wanda ya taɓa raka mara lafiya asibitin garin nan ya san ƙarancin likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi 'yan asalin wannan ƙasa tamu, musamman mata. Kullum muna kuka a kan haka, amma asalin matsalar ba a asibiti take ba, tana ajin sakandare. Yaron da yake son karanta aikin likita ko jinya ko haɗa magunguna sai ya sami kiredit biyar: Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Kuma a jarrabawar WAEC da ta NECO, kowane ɗaya daga darussan kimiyyar nan uku yana da takardar gwaji a aikace. A Kemistiri za a ba yaro bututun awo ya ɗiga asid cikin alkali har launi ya juya, ya rubuta adadin da ya karanta. A Fiziks za a ba shi zare da ƙarfe mai lilo, ko gilashi da allurai, ko batir da wayoyi. A Bayoloji za a ajiye masa ganye ko ƙashi ko ƙwaro ya zana ya yi bayani. Yaron da ya shekara uku yana kwafar waɗannan abubuwa daga allo, bai taɓa ganin su ba sai mako biyu kafin jarrabawa, an tura shi gona ne ba fartanya.

Bugu da ƙari, tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Ke nan yaronmu yana fuskantar ƙofofi biyu kafin ya shiga jami'a: ta ɗakin gwaje-gwaje da ta kwamfuta. Sannan a shekarar 2020, lokacin annobar korona, an rufe makarantu tun daga watan Maris har tsawon watanni. 'Ya'yan waɗanda suka san hanyar intanet sun ci gaba da karatu a gida, namu kuwa mafi yawansu sun zauna.

Abin da Ke Akwai

Abin farin ciki shi ne, mafi ingancin kayan koyon kimiyya da ke intanet kyauta ne. Za mu ambaci kaɗan waɗanda muka ga sun dace da halin da muke ciki.

Na farko shi ne PhET, na Jami'ar Kolorado da ke Amurka. Wani masanin Fiziks mai suna Carl Wieman, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 2001, shi ya kafa shi a 2002. Yana ɗauke da gwaje-gwajen kwaikwayo fiye da 150 a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da Lissafi. A ciki yaro zai ɗauki batir da waya da ƙwan fitila a fuskar kwamfuta ya haɗa su, ya ga fitila ta kama. Ya ƙara batir ya ga haske ya ƙaru. Ya haɗa waya kai tsaye ba tare da fitila ba ya ga batirin ya kama wuta, ba tare da kowa ya ƙone ba. Akwai inda zai gina ƙwayar zarra da hannunsa, akwai inda zai daidaita lissafin haɗuwar sinadarai. Ana iya sauke waɗannan gwaje-gwaje sau ɗaya a ajiye, a ci gaba da amfani da su ko babu intanet.

Na biyu shi ne Khan Academy, wanda Salman Khan ya fara da koya wa wata 'yar uwarsa lissafi a 2004, ya zama cibiya mai zaman kanta a 2008. Yana da dubban gajerun darussa na bidiyo da tambayoyin gwada kai. Na uku su ne littattafan kyauta: OpenStax na Jami'ar Rice a Amurka, da CK-12, da Siyavula na Afirka ta Kudu. Duk malamin da yake neman ƙarin bayani ko zane mai kyau zai same shi a cikinsu. Na huɗu shi ne TESSA, shirin horar da malamai na ƙasashen Afirka kudu da Sahara, wanda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta jagoranta tun 2005, kuma Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana cikin waɗanda aka yi aikin da su. Amfaninsa shi ne an rubuta shi ne domin malamin da ke da aji cike da yara, ga kuma ƙarancin kayan aiki. Na biyar shi ne Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a watan Maris na 2022, an tsara shi bisa manhajar karatun Nijeriya, kuma akwai darussa da Hausa a cikinsa.

Ita kanta wayar da ke aljihunmu kayan gwaji ce. Jami'ar Aken da ke Jamus ta fitar da wata manhaja mai suna phyphox a 2016, wadda ke sa waya ta auna motsi da ƙara da ƙarfin maganaɗisu. Akwai kuma Stellarium, mai nuna sararin samaniya kamar yadda yake a kan garinmu a kowane dare, inda yaro zai ga Zara da Kaza da 'Ya'yanta, ya fahimci dalilin da ya sa jinjirin wata ke bayyana a yamma bayan faɗuwar rana.

Matsalar Wuta da Data

Mun san abin da wasu ke faɗa a zuci: ina wutar, ina kuɗin data? Tambaya ce mai ma'ana, kuma tana da amsa. Wata ƙungiya mai suna Learning Equality ta fitar da manhajar Kolibri a 2017 domin wurare irin namu. Ana ɗaukar kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya a je inda intanet ke da ƙarfi, a zuba mata darussan Khan Academy da PhET da CK-12 da sauransu, a dawo da ita makaranta. Daga nan sai a haɗa ta da ƙaramar na'urar wayfay, duk waya ko kwamfutar da ke cikin ɗakin ta riƙa jan darasi daga gare ta ba tare da an kashe ko kwabo na data ba. Haka ma Kiwix ke yi da kundin Wikipedia. Saboda haka abin da makaranta ke bukata ba ɗaki cike da kwamfutoci ba ne. Kwamfuta ɗaya mai lafiya, da majigi ko babban talabijin, da farantin sola da batirinsa, sun isa a fara.

Abin da Intanet Ba Zai Yi Mana Ba

A nan ne muke roƙon a ba mu aron hankali, domin wannan shi ne zuciyar maganarmu. A garuruwa da dama an sayi kwamfutoci, an yi biki, an yanke kyalle, an ɗauki hoto, sannan aka rufe ɗaki da kwaɗo don kada yara su ɓata. Bayan shekara biyu ƙura da ɓeraye suka gaje su. Ba kwamfutocin ne suka gaza ba. An sayi doki ne ba a tanadi mahayi ba. Mahayin kuwa shi ne malamin kimiyya. Idan malami bai san gwajin ba, bai san a wane darasi zai sa shi ba, bai san tambayar da zai yi wa yara kafin ya danna komai ba, to majigi zai zama gidan kallo kawai.

Na biyu, gani a allo ba ya maye gurbin taɓawa da hannu. Ranar jarrabawa ba a fuskar kwamfuta yaro zai ɗiga asid ba. Hannunsa ne zai riƙe famfon bututun, idonsa ne zai karanta layin ruwa. Amfanin kwaikwayo shi ne ya share fage, sannan a yi na gaske. Ga misali. Malami ya ɗaure dutse da zare mai tsawon mita 1, ya rataye a ƙofar aji, yara su ƙirga lilo 20 da agogon waya. Za su sami kusan daƙiƙa 40, wato daƙiƙa 2 ga kowane zuwa da dawowa, daga nan su lissafa ƙarfin jan ƙasa su sami abin da ya kusa 9.8. Sannan malami ya buɗe PhET ya tambaye su: in an kai wannan lilo duniyar wata, zai yi sauri ne ko zai yi nawa? Su yi gardama, kowa ya faɗi hujjarsa, sannan a danna a gani: kusan daƙiƙa 5 yake ɗauka, domin jan wata kashi ɗaya ne cikin shida na jan ƙasa. Abin da zare ya iya, zare ya yi. Abin da ya fi ƙarfin zare, kwamfuta ta yi.

Ga wani misali daga madafin iyayenmu mata. Ruwan zoɓo idan aka matsa masa lemun tsami sai jansa ya ƙara haske, idan aka sa masa kanwa ko ruwan toka sai ya juya ya yi duhu-duhu mai kore. Wannan shi ne ainihin abin da ake nufi da ma'aunin asid da alkali. Yaron da ya ga haka da idonsa, sannan ya ga ma'aunin daga 0 zuwa 14 a allo, ba zai sake mantawa ba.

Na uku, ba duk abin da ke intanet ne gaskiya ba. Akwai masu tallar amsoshin jarrabawa, suna karɓar kuɗin yara suna kashe musu zuciya. Akwai kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, da ya fito a ƙarshen 2022, waɗanda suke da amfani ƙwarai, amma suna iya kawo kuskure cikin kyakkyawan lafazi. Yaro ba zai iya bambancewa ba sai da jagorar malami. Haka kuma yawancin darussan nan an yi su ne da Turanci, bisa manhajar wasu ƙasashe. Dole wani ya zauna ya tace, ya jera su daidai da abin da ake koyarwa a aji ɗaya da biyu da uku na babbar sakandare.

Shawarwarinmu

Bisa ga abin da ya gabata, kwamiti yana gabatar wa wannan taro mai albarka shawarwari kamar haka:

1. A fara da makaranta biyu kawai, ɗaya ta maza, ɗaya ta mata. A sama wa kowace kwamfuta ɗaya mai ɗauke da Kolibri, da majigi ko talabijin, da sola. Da ɗan gari akan ci gari, kuma sannu ba ta hana zuwa.

2. Kafin a sayi komai, a shirya wa malaman kimiyya bita ta kwana uku a lokacin hutu, a maimaita kowane zango. Muna da 'ya'yan garin nan da ke koyarwa a jami'o'i da kwalejojin ilimi. Muna roƙon su ba da kwana uku a shekara sadaka ga mahaifarsu. A kuma taimaka wa malamanmu su shiga Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda ke aiki tun 1957.

3. Duk naira da aka kashe wa na'ura, a ware kwatankwacinta domin kayan gwaji na gaske: bututun awo, kwalabe, ma'auni, gilashin haske, batir da sinadarai.

4. A damƙa mabuɗin ɗakin a hannun malamin da ke amfani da shi, a ajiye littafin da za a rubuta kowane darasi da aka yi. Abin da za mu tambaya baɗi ba kwamfuta nawa muka saya ba ne, a'a, darasi nawa aka yi da su, yara nawa suka taɓa kayan gwaji da hannunsu.

5. A ware kuɗin gyara tun yanzu, a kuma horar da matasa biyu 'yan gari su kula da sola da na'urorin.

6. Ɗalibanmu na jami'a da ke dawowa hutu su ɗauki gajerun bayanai da Hausa a kan darussan da suka fi ba yara wuya, malamai su duba su, a raba ta katin memori. Jarrabawa da Turanci za a rubuta ta, amma abin da yaro ya fahimta da harshen uwa ya fi zama a kai.

7. Iyaye, musamman na 'ya'ya mata, a bar su su halarci darasin gwaji na ranar Asabar. Likitar matan da muke nema a asibitinmu tana zaune yanzu a aji ɗaya na sakandare.

Kammalawa

Ranka ya daɗe, jama'a, iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya sun yi aikin gayya sun gina ajujuwa da tubalin laka a lokacin da babu kwalta, babu waya. Mu kuwa Allah Ya kawo mu zamanin da ilimin manyan jami'o'in duniya ke iya shiga cikin kwamfuta ɗaya a ɗauko shi a jaka. Waɗanda suka rubuta darussan nan sun yi nasu, sun bayar kyauta. Abin da ya rage shi ne malami mai horo, da wuta, da kayan gwaji, da sa ido, kuma babu mai zuwa daga wani gari ya yi mana waɗannan. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Muna roƙon taro ya amince da waɗannan shawarwari, a kuma ba kwamiti izinin kawo rahoton abin da aka cim ma a taron baɗi, in Allah Ya kai mu.

Allah Ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.