Kada Garma Ta Yi Lilo

Yau maganarmu a kan garmar da ake ɗaura wa tarakta a baya.

Akwai sarƙa biyu, ɗaya dama, ɗaya hagu. Su ke hana garma lilo. In sun yi sako-sako ainun, ƙarfe ya riƙa gogar taya har ya ci ta. Taya kuwa da tsada. In an ɗaure su tamau wurin huɗa, garma ta bugi kututture, sai wani ƙarfe ya lanƙwashe.

To, a gona a bar mata wasa kaɗan, kamar faɗin yatsa uku kowane gefe. In za a hau hanya, a ɗaga garma, a ɗaure sarƙa tamau. Kafin a taɓa sarƙa, a kashe inji, a kori yara.

Allah ya ba mu damina mai albarka.